Koriyanci a Kan Allo

Duk wanda ya ce maka ya ji daɗin shekarar 1983 a ƙasar Sakkwato, ko dai ɗan kwangila ne ko kuma maƙaryaci. Lokacin ne aka raɗa wa wahala sunan Turanci, ana ce mata ostariti, kamar sunan zai rage mata ɗaci. Sabulu sai an bi layi, madara sai an bi layi, albashi kuwa sai ranar da ya ga dama. Amma ni Sodangi, in aka tambaye ni shekarar da na fi kewa a rayuwata, ita zan nuna, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Shekarata ashirin da shida a lokacin, ina aikin malamin gona. An tura ni Shagari, wurin wani aikin noman rani na shinkafa da wani kamfanin Koriya ya karɓa a fadama. Kullum da safe in hau babur daga gidanmu a Boɗinga, da la'asar in dawo. Injiniyan da nake ƙarƙashinsa sunansa Mista Pak, ɗan guntun mutum mai furfura a gefen kunne, wanda bai iya tsayuwa wuri ɗaya ba. Hausarsa ba ta wuce “sannu” da “gobe” ba, goben ma a bakin leburori ya tsince ta saboda yawan jin ta da yake yi. Da Turanci muke magana, nasa gurgu nawa gurgu, muna jan juna a haka.

Shi ya kawo mini takardar. Gwamnatinsu za ta ɗauki matasa su je can su yi shekara uku suna karatun noman shinkafa da sarrafa ruwa, kyauta, har da jirgi. Gurbi biyu kacal aka ware wa masu irin aikinmu a duk ƙasar nan. Za a yi ganawa da masu nema a ofishin jakadancinsu da ke Legas cikin watan Nuwamba, kuma sharaɗin da aka ja wa layi shi ne mutum ya nuna ya fara jin harshensu, tunda da shi za a koyar. Muna cikin Fabrairu. Wata tara ke nan a hannuna.

Na so abin nan kamar raina. Abokan karatuna an fara sallamarsu daga aiki ɗaya bayan ɗaya, kuma ko makaho ya san aikin fadamar nan ba zai daɗe ba. Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba, ga ƙofa an buɗe mini har bangon duniya. Da Mista Pak ya ga da gaske nake, sai ya ba ni wani shuɗin littafi mai darasi talatin da shida. Kowane darasi hira ce tsakanin mutum biyu, Koriyanci a shafin hagu, fassarar Turanci a na dama. Ya haɗa mini da kaset guda wanda aka karanta darussan a ciki.

Ranar na sayi kwali da jan biro, na ja layuka da rula, na tsara jadawalina irin na 'yan boko: asuba haruffa, azahar kaset, yamma hira da Mista Pak, Asabar jarraba kai. Na manna shi a bangon ɗaki ina kallo ina jin kaina. Kwana tara ya yi a raye. A na goma rikodata ta haɗiye kaset ɗin, ta tauna shi tas, ta tofo mini zare.

Ina zaune a tsakar gida ina ta fama da biro ina naɗe zaren, mahaifina ya shigo. Malam Ladan ke nan, mai makarantar allo ta unguwarmu, mahaddacin da ya rubuta Alƙur'ani da ka sau biyu. Bai taɓa hana mu boko ba, amma kallon wasan yara yake yi masa. Yakan ce wane irin karatu ne wannan da ake cewa an gama shi. Ya tsaya kaina ya dubi zaren, ya leƙa ɗaki ya dubi kwalin da ke bango.

“Mi anka rubuta nan?”

Na yi masa bayani tun daga farko, har sharaɗin harshe.

“Ita Koriyar, kusa da birnin Sin take?”

“Maƙwabta ne, Baba.”

“To an gama magana. Kawo littahin.”

Ya juya shi sama da ƙasa, don bai san inda kan haruffan yake ba, ya tambayi yawan darussan. Na ce talatin da shida. Ya tambayi makonnin da suka rage. Muka ƙirga, suka kama talatin da takwas. Sai ya yi wani murmushi da na sani tun ina ƙarami, murmushin da yakan yi in an kawo masa yaron da aka ce ba ya jin karatu.

“Wanga kwali naka ba tsari ba na. Ka tsinci can ka tsinci nan kamar kaza. Karatu hanya guda gare shi. Darasi guda kowane mako, a rubuta ga allo, a biya har shi zauna, sannan a wanke a ɗora wani. Mako biyu na ƙarshe a yi tishi.”

Tishi shi ne maimaita abin da aka haddace tun daga farko. Na ce to ai ba ni da mai biya mini, tunda kaset ya lalace, batir kuma ya zama gwal.

“Shi baƙon naka ba ya da baki? Ka kai ni wurinai shi karanta in ji. Kunnena bai shan batir.”

Wallahi na ɗauka wasa yake yi. Washegari ya aika wa kafinta ya sassaƙo sabon allo, don ya ce allon da ya taɓa ɗaukar Alƙur'ani ba ya ɗaukar wani zance. Ya fiƙe mini alƙalamin gamba da hannunsa, ya zuba mini tawada a kwalba daban. Ranar Alhamis, da yake makarantar allo na hutu, ya naɗa rawaninsa ya ɗare bayan babur ɗina, ya riƙe ni da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da buzunsa. Mutanen da ke bakin kasuwa suka bi mu da kallo har muka ɓace.

Haɗuwarsu da Mista Pak abin kallo ce. Pak ya rusuna, Baba ya ga baƙo ya rusuna masa shi ma ya rusuna, Pak ya ƙara yin ƙasa, Baba ya ƙara, har na ji tsoron kada su yi karo da goshi. Aka shimfiɗa buzu a gindin wata tsamiya kusa da rumfar injin ban-ruwa. Pak ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa kamar ɗan gida, abin da ya sa Baba ya ce mutumin nan yana da tarbiyya. Ya karanta darasi na ɗaya sau uku. Baba ya rufe ido yana ɗan rangaji. Da aka gama na ukun, sai ya buɗe baki ya maido masa da shi tun daga gaisuwar “annyong hasimnikka” har ƙarshe, bai tsallake gaɓa ɗaya ba.

Pak ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce in tambayi dattijon ko ya san ma'anar abin da ya faɗa.

Baba ya ce, “Ma'ana taku ta, ku 'yan boko. Ni amana anka ba ni, zan kai ta gida.”

Haka muka kafa. Kowace Alhamis mu je Shagari, Pak ya karanta, Baba ya ɗauka, ni in kwafi haruffan a allo. Sauran kwana shida kuwa, bayan sallar asuba kafin in tafi aiki, da kuma bayan la'asar in na dawo, ina durƙushe a zaure gaban Baba da allona. Bai san harafi ɗaya na abin da ke kan allon ba, amma in na karkace a wata gaɓa, carbinsa zai tsaya cak.

“Koma.”

“Baba, ai haka yake a rubuce.”

“Ba haka baƙon yac ce ba. Ya tauna ta cikin maƙoshi. Koma.”

In na je na tambayi Pak, sai in tarar Baba ne da gaskiya. Ko sau ɗaya ban taɓa cin sa ba. Kuma ba ya yarda in koma daga inda na yi kuskure, sai dai daga kan darasi, kamar yadda ake yi wa mai hadda. Tun ina jin haushi har na saba. Wani abin kuma, Baba bai iya riƙe magana ba tare da ya sa mata sauti ba, don haka Koriyancin namu ya ɗauki wani ɗan rauji, ana ja a nan a sauke a can. Ya ce harshen mutanen nan mai sauƙin hadda ne, kowace jimla da “nida” take ƙarewa kamar an yi mata amsa-amo.

Inna, mahaifiyata, in tana tankaɗe a tsakar gida tana jiyo mu, sai ta ɗaga murya: “Yau ma kwaɗin fadama sun tashi da wuri!” Da yamma kuma in ta miƙo mini tuwo sai ta ce, “Karɓi-nida, ci-nida, ka ba ni kwanona-nida.” Baba ya yi kamar bai ji ba, amma gemunsa na motsi.

A gari ma an yi magana. Wasu suka ce Malam Ladan ya tsufa ya koma rera yaren masu cin kwaɗi. Wani dattijo har ya cire 'ya'yansa biyu daga makarantar. Na ji zafin abin, na ce wa Baba ko mu daina zuwa tare. Ya dube ni kamar na zage shi.

“Wanda yaf fara gini don mutane su yaba, ranar da sunka kushe shi ka rushewa. Ɗauko allonka.”

Kai, waɗannan watanni! Ni ne na huɗu a ɗakinmu, kuma tunda aka sa ni boko ban ƙara zama da mahaifina mu biyu kaɗai ba sai a wannan shekara. A kan babur ya ba ni labarin yawon karatunsa, yadda ya taka da ƙafa daga Sifawa har Gwandu yana saurayi. A kan babur na san yana son rake, kuma yana tsoron kare. Damina ta sauka, ruwan ma bai yi kirki ba a shekarar, gero ya tsaya iya gwiwa, amma Alhamis ba ta taɓa wuce mu ba. Ranar da ruwa ya kama mu a hanya, muka fake a wata bukkar masu albasa, yana matse rawani yana biya mini darasi na sha bakwai, mai bukkar na kallonmu yana neman tsari a zuci.

A mako na ashirin da huɗu ne aka ba ni dama in gyara, na ƙi.

Wata Talata muna bakin kwatar ruwa, Pak ya juyo ba zato ya yi mini wata 'yar tambaya da Koriyanci. Na san na san ta. Na ji ta a bakina. Amma sai na tsinci kaina ina laluben darasin da take ciki, da na gano shi kuma sai na fara karantowa daga sama a zuci don in iso wurinta. Kafin in iso, ya riga ya yi wata tambayar. Ya yi mini huɗu, ban amsa ko ɗaya a kan kari ba. Ya juya ya ci gaba da duba injinsa.

Ranar Alhamis bayan an gama karatu a gindin tsamiya, ya ce in fassara wa mahaifina magana. Ya yi ta a hankali, da ladabi, yana kallon Baba. Ya ce bai taɓa jin baƙon da lafazinsa ya kai nawa tsabta ba, kuma wannan aikin dattijo ne. Amma a Legas ba karatu za a sa ni ba, hira za a yi da ni. Ya ce a dakatar da sabon darasi, a farfasa waɗanda aka yi, a riƙa jefo mini tambaya daga ko'ina ina amsawa da abin da ya shafe ni, ko da da kuskure. Ya ce gara darasi ashirin da ake magana da su da talatin da shida da ake rerawa.

Baba ya jira ya gama, sannan ya juyo.

“Mi yac ce?”

Na dubi tsohon nan. Ƙurar hanya a gemunsa, ƙafafunsa sun kumbura saboda zaman babur. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana karantarwa ba wanda ya taɓa ce masa ga yadda ake yi, wanda aka yi masa dariya a gari saboda ni. Yanzu ni ɗan cikinsa in buɗe baki a gaban baƙo in ce masa hanyarsa ba ta ɓullewa? Harshena ya ƙi.

Na ce, “Ya ce lafazina ya yi kyau ƙwarai, aikinka ne. Ya ce a ci gaba a haka.”

Baba ya gyaɗa kai ya ce alhamdu lillahi. Pak ya ga ya gyaɗa kai, shi ma ya ji daɗi, ya ɗauka an karɓi shawararsa. Ni kuwa na lallashi zuciyata da cewa ai ina tare da Pak kullum a wurin aiki, sai in riƙa yin hirar da shi a ɓoye, kowa ya samu nasa.

Dabara ta rage ga mai shiga rijiya, in ji masu magana, ni kuwa ko igiyar ban samu ba. Mako biyu bayan nan aka tsayar da aikin fadama, don kuɗin gwamnati ya ƙafe. Aka kwance injuna aka loda a mota. Pak ya koma Sakkwato yana haɗa takardu, sai Alhamis kawai yake zuwa saboda mu. A ƙarshen Agusta aka kira shi gida. Kafin ya tafi ya zo har Boɗinga ya yi kwana uku yana zuwa zaurenmu, ya karanta darussa takwas da suka rage, Baba ya kwashe su duka ya adana. Ranar sallama Baba ya ba shi buhun albasar Danchadi da hula, shi kuma ya karɓa da hannu biyu ya rusuna, ya daɗe bai ɗago ba. Ni ya ja ni gefe ya tambaye ni ko muna yin abin da ya ce. Na ce muna yi.

Daga nan ba sauran wanda zan yi hira da shi a duk faɗin ƙasar Sakkwato. Na gwada yi wa kaina tambayoyi a kan babur, amma mai tambaya da mai amsa duk allo ɗaya suka wanke. Muka kai darasi na talatin da shida a ƙarshen Oktoba. Mako biyu na tishi, ina zama in karanto littafin nan tun daga bango har bango ba tuntuɓe, Baba na jan carbi bai tsaya ko sau ɗaya ba. Ranar ƙarshe ya ce, “Yanzu ko sarkinsu aka kawo, ba ni jin tsoro.” Ni ma, Allah ya sani, jin yadda abin ke gudu a bakina ya sa na fara yarda.

Kwana biyu na yi a mota kafin in isa Legas. Mu goma sha ɗaya ne muka zo ganawar, kowa da kwat, ni da babbar rigar da Inna ta sa aka yi mini bugu. Da aka kira ni na tarar da mutum uku a bayan tebur: wani dattijon Bakoriye, wata mata Bakoriya mai tabarau, da wani jami'i ɗan ƙasarmu. Aka fara da Turanci, kan shinkafa da ƙasa da ruwa. Nan kam gonata ce, na yi musu bayani har dattijon yana rubutawa. Sannan matar ta rufe fayil, ta yi murmushi, ta gaishe ni da harshensu. Na amsa. Suka dubi juna, don gaisuwar ta fita kamar a garinsu aka yanke mini cibiya.

Sai ta tambaye ni da me na zo Legas.

Na gane tambayar sarai. Darasi na sha tara ce, wajen tsakiya. Amsar da ta dace kalma uku ce, na zo da mota. Amma tsoro ya kama ni, kuma mai tsoro hanyar da ya saba yake bi. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Na ji jikina ya fara rangaji, bakina ya kama darasin daga sama: abokai biyu sun haɗu a tashar jirgin ƙasa, wannan ya gaida wancan, wancan ya tambayi iyali, ana ja ana saukewa da sautin zauren Malam Ladan. Na yi muryar mai tambaya, na yi ta mai amsa, har na iso kan tambayar matar, na maimaita ta, sannan na ba da amsar da ke littafi, cewa da jirgin ruwa na zo daga birnin Busan.

Da na buɗe ido, duk su ukun ni suke kallo. Matar ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata. Ta sassauta murya ta yi mini wata mai sauƙi, ta ce mu nawa ne a gidanmu. Na ce a raina, Sodangi, tara, ka ce tara. Na san kalmar tara. Amma tana can cikin darasin ƙirga, a bayan takwas, takwas a bayan bakwai, ga kuma darasin iyali ya riga ya taso ya cika mini baki. Ina ji ina gani na shaida wa mutanen nan, da lafazi mai kyan gaske, cewa 'ya'yana biyu mata, mijina kuma yana aiki a banki.

Jami'in nan namu bai ji abin da na ce ba, amma ya ga matar ta sa hannu ta rufe baki. Dattijon bai yi dariya ba. Ya tambaye ni da Turanci wa ya koya mini. Na ce mahaifina. Ya ce shekara nawa ya yi a Koriya. Na ce bai taɓa wuce Gusau ba. Ya ajiye biro ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in gaida shi, in ce masa ya yi abin mamaki. Ya ƙara da cewa yana baƙin ciki, amma wanda za su tura dole ya iya tambayar malami in bai gane ba, ya iya gaya wa likita inda ke masa ciwo. Ban buƙaci jiran wasiƙa ba.

A hanyar dawowa na shirya ƙaryata tsaf. Zan ce an yi lafiya, sun yaba, sakamako sai daga baya. In an kwana biyu sai in ce 'yan hanya ne suka cinye guraben. A wancan zamani wa zai musa?

Na iso Boɗinga bayan la'asar, an tashi yara. Baba na zaure shi kaɗai a kan buzu, kuma daga yadda ya zauna yana fuskantar ƙofa na san duk kwanakin nan haka ya yi su. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce an yi lafiya, dattijon cikinsu ma ya ce in gaishe shi, ya yi abin mamaki. Fuskarsa ta washe.

“Madalla. Wane darasi sunka ce ka biya?”

“Ba su ce in biya ba, Baba. Tambayoyi wata mata a cikinsu ta yi mini.”

“Kamar yaya? Hwaɗa mani yadda tac ce.”

Nan ne ƙaryata ba ta tanadi komai ba. Na faɗi tambayar matar ta farko da Koriyanci, yadda ta faɗe ta. Leɓunansa suka fara motsi. Ina kallonsa yana gudu a zuci, ya kama darasi daga sama, yana saukowa layi bayan layi, yatsansa na tafiya a kan carbi, har ya iso wurin.

“Na sha tara. Layi na goma sha ɗaya.”

Ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya tsaya. Ya dubi carbin da ke hannunsa, ya ga yawan ƙwayoyin da ya ja kafin ya iso. Ya daɗe yana kallonsu.

“Ita tana zaune tana jira,” ya ce a hankali. Ba tambaya ba ce.

Ya ɗago ya dube ni.

“Kai ma daga sama kaf faro.”

Na sunkuyar da kai. Hawayen da na riƙe tun daga Legas suka zubo a kan tabarma. Ana jiyo sakan Inna daga cikin gida. Na jira faɗa, ko ya ce mutanen ne ba su san karatu ba. Da ya faɗi haka da na ji sauƙi.

Sai ya ajiye carbin a gefe, abin da ban taɓa ganin ya yi ba in yana zaune.

“Sodangi, wanga ba laihinka ba na. Ka zo da tsarinka na tsage ma shi. Abin da nis sani shi nib ba ka, ashe ba shi aka nema ba. Da na samu wanda yah hwaɗa mani tun da wuri, wallahi da na sake.” Muryarsa ta karye. “Na tare maka hanya da hannuna. Ka yahe mani.”

Uba, malami, mai shekara saba'in, yana roƙon ɗansa gafara. Ga maganar Mista Pak a maƙogwarona, kalma bayan kalma, yadda ya faɗe ta a gindin tsamiya. Abin da ya rage kawai in ce, Baba, an faɗa, ni ne na ɓoye. Na ɗago na dube shi, na ga idanunsa sun cika.

Na ce, “Na yafe, Baba.”

Ya yi shekara shida bayan nan a duniya, kullum da safe ina durƙusawa in gaishe shi, kuma ban faɗa masa ba.